Ɗakin Gadi a Ranar Arfa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Anas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya kai ka Dammam lafiya, ya sauke ka a hannun mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokin aiki da sharrin zuciyarka. Ni da kaina na cusa wannan takarda a jakarka, ƙarƙashin kakin nan da ka goge sau uku tun jiya. Da gangan na rubuta da Hausa. Da Larabci ne, da ka share ta da ido ɗaya kamar saƙon waya ka ce ka karanta. Hausa kuwa na san sai ka nemi wuri ka zauna kana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, kuma haka nake so.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Magana ce a kan aikin gadin da ka samu a wannan katafaren kantin. Na yi murna, wallahi na yi, aiki ne na halal kuma ni ma na ci abinci da shi. Amma shekaranjiya ina zaune a falo na ji ka a waya kana gaya wa abokinka Bandar cewa ku da 'yan sanda duk abu ɗaya ne, launin mota ne kawai ya bambanta ku. Har da cewa duk wanda ya yi maka wasa a bakin ƙofa sai ya kwana a hannunka. Kun yi dariya, kai da shi. Ni ban yi ba. Tun daga lokacin raina bai kwanta ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Waye ya gaya maka haka? Ba sai ka amsa ba, na sani. Wannan mushrif ɗin naku ne, shugaban masu gadin, wanda ka ce ya tara ku ya ce daga yau ku ne hukuma a cikin kantin. Ban taɓa ganinsa ba, amma ban yarda da shi ba, domin na yi aiki a ƙarƙashin irinsa. Kwana biyar aka yi ana koya muku aiki, uku daga ciki tsayuwa da sara wa manya. Sai aka ɗinka muku kaki mai kama da na hukuma, aka maƙala muku tambari a kafaɗa wanda daga nesa sai a rantse na 'yan sanda ne. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa suka zaɓi wannan launin? Ni dai zargina shi ne so suke mutane su ji tsoronku a banza, ku kuma ku ji kanku ya kumbura. In abu ya yi kyau, kamfani ne ya iya aiki. In ya ɓaci, kai ne ka wuce iyaka.

To bari in gaya maka yadda abin yake, tun da su ba su gaya maka ba. Ɗan sanda hukuma ce ta ɗauke shi, ta horar da shi, ta ba shi ikon ya tsayar da mutum ya nemi katinsa, ya yi masa tambayoyi, ya tafi da shi ofis in akwai dalili. In ya yi kuskure akwai na sama da shi da zai tuhume shi, kuma duk abin da ya yi yana rubuce. Kai kuwa haris ne, mai gadi. Ku ma zaman lafiya kuke tsarewa, ba na raina muku, amma naka shi ne ka sa ido, ka hana shiga inda aka ce kada a shiga, ka raba mutane in sun kaure, ka kira masu iko. In ka ga mutum da idonka yana sata ko yana dukan wani, ka tare shi, ka kira 'yan sanda nan take ka miƙa musu. Zato kuwa, da bincike, da tsare mutum saboda fuskarsa ba ta yi maka ba, wannan ba gonarka ba ce ko kaɗan.

Ni ban san wannan ba sai da na sha wuya, kuma wasu suka sha a hannuna.

A Nakkasa na tashi, unguwar nan ta kan dutse a Makka, ka sani, tun kafin a rushe yawancinta. A can duk mai kaki sunansa askari. Ba mu san wannan na hanya ne, wancan na kasuwa ne, wancan kuma mai gadin kamfani ne kawai ba. Rabin maƙwabtanmu ba su da takardun zama, saboda haka da an hango hula a ƙasan dutse sai unguwa ta yi tsit. Mu gidanmu muna da hawiyya, katinmu na 'yan ƙasa, tun zamanin kakanka, amma tsoron nan tare muka sha shi da kowa. Ina da shekara goma sha tara wani mai gadin kasuwa ya tsayar da ni ya ce in ba shi katina. Nan take na miƙa masa. Ya jefa a aljihu ya ce in dawo gobe. Kwana uku ina zarya, kullum sai ya sa na kwashe masa kwalaye tukuna ya ce gobe. Da kakanka ya gane, sai ya ja ni har ofishin 'yan sanda. Jami'in da muka samu ya dube ni ya ce, "Wa ya ce ka ba shi? Shi wane ne?" Kafin la'asar katina ya dawo hannuna. A hanyar gida kakanka ya ce, "Haruna, kai dai sakarai ne, da tela ya ɗinka wa akuya kaki ma sai ka gaishe ta." Saboda haka ka riƙe wannan: kada ka taɓa barin katinka a hannun wanda ba hukuma ba, kuma kai ma kada ka taɓa sa katin wani a aljihunka. In aikinku ya ce a duba, ka duba yana hannun mai shi.

Ka ɗauka na yi hankali? Ina! Bayan shekara biyu, lokacin aikin Hajji, muna sayar da ruwa a wajen Muzdalifa da rana, motar 'yan sanda na gaske ta tsaya. Kowa ya watse, ni ma na arce, ga katina a aljihu lafiya lau. Da suka kama ni na riga na fasa gwiwa a kan dutse. Yini guda na yi a ofis ana duba ko ina da wani laifi, tun da ai mai gaskiya ba ya gudu haka. Wanda ya sallame ni ya ce, "Da ka tsaya, da minti biyu ne." Ka ga wautar: na rusuna wa wanda ba shi da iko, na guje wa wanda yake da shi. In ɗan sanda na gaske ya tsayar da kai, ka tsaya, ka gaishe shi, ka ba shi abin da ya nema. Kada kuma ka ce masa kai ma abokin aikinsa ne, dariya zai yi maka.

Waɗannan biyun ni kaɗai suka cuta, shi ya sa nake iya ba da su ana dariya. Na ukun ban taɓa ba kowa shi ba.

Shekarar da aka haifi yayarka Sumayya na samu aikin gadi a wani bene a unguwar Aziziyya, irin waɗanda ake ba alhazai haya. A shekarar mutanen Nijar ne suka cika shi. Ranar da na fara sa kakin, wallahi tafiyata ma ta sauya. Ni da na girma ina tsoron hula, yau ga ta a kaina, ga oba-oba a ƙuguna yana ƙara. Kuma na ɗauki wata muguwar ɗabi'a: ba na yi wa alhazan nan Hausa. Larabci kawai, da kakkausar murya. A ganina in suka san ni nasu ne za su raina ni, su riƙa kirana ɗana suna aikena kanti. Ina jin duk abin da suke cewa a kaina, ina yi kamar bango.

Ana gobe za a fita Mina, mushrif ɗinmu ya tara mu. Ya ce bara ɓarayi sun yi shigar alhazai, sun sa harami, sun shiga benaye ranar Arfa da kowa ya tafi sun yi awon gaba da kaya. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Duk wanda ya shigo maka ranar nan, ka riƙe shi. Kai ne hukuma a nan." Da baki ya faɗa, ba a rubuce ba, ni kuma ban ga dalilin neman a rubuta ba.

Ranar Arfa da hantsi Aziziyya ta zama kamar an share ta. Na zagaya baya in duba tankin ruwa, ina dawowa sai ga wani tsoho yana saukowa daga matakala, sanye da harami, ƙafafunsa duk ƙura, riƙe da wata 'yar jakar mata. Babu awarwaron shaida a hannunsa, babu kati a wuyansa. Zuciyata ta ce ga shi nan, irin wanda aka faɗa. Na tare ƙofa na daka masa tsawa da Larabci. Ya yi murmushi ya ce, "Sannu da aiki, yaro. Ni ɗan gidan nan ne, hawa na uku. Allurar matata muka manta a firji, ciwon sukari gare ta. Tun bayan asuba na taso daga Mina da ƙafa. Bar ni in koma kafin motarmu ta tashi."

Na ji kowace kalma, Anas. Amma na riga na yanke hukunci. Na fizge jakar na zazzage ta a kan tebur, abin da ba ni da hurumin yi. Ga allurai nan da 'yan kwalabe masu sanyi, ga mayafi, ga 'yan kunne na zinariya ƙulle a hankici. 'Yan kunnen kawai idona ya gani. Na kama shi a damtse na tura shi ɗakin gadi, wani ɗan tsukukun ɗaki mai taga ɗaya, na murza makulli. Sannan na kira 'yan sanda na ce na kama ɓarawo. Suka ce za su zo in sun samu sarari. Ranar Arfa ce fa, duk wani mai kaki na gaske yana can inda jama'a suke.

Ya yi magana ta taga har muryarsa ta dushe. "Ɗana, ka ji tsoron Allah, yau Arfa." "Ga makullin ɗakinmu, je ka gwada." "Awarwaron ƙaiƙayi yake sa ni, na cire wajen alwala, yana cikin tanti." "To in ni ba za ka sake ni ba, ka aika mata da allurar, don girman Allah." Duk wanda ya faɗa sai in samo masa fassara a raina. Makulli? Sato shi ya yi. Kuka? Ai ɓarawo ya fi kowa iya kuka. Na zauna a kujera na juya masa baya, ina jin kaina wani babban jami'i. Da azahar na tura masa ruwa da burodi ta taga, har ina yaba wa kaina tausayi. Daga baya ya daina roƙo. Sai na riƙa jin shi yana Labbaika a hankali, shi kaɗai, a cikin ɗakin.

Sai bayan la'asar mota ta tsaya. Ɗan sanda ɗaya ne ya shigo, saurayi, bai kai ni shekaru ba, gumi ya jiƙa masa riga. Na miƙe na sara masa kamar abokin aiki. Bai ko kula ba. Tambaya uku ya yi mini. Ka gan shi yana sata? Na ce a'a. Wani ya kawo ƙara an yi masa sata? Na ce a'a. Wa ya buɗe jakar, wa ya kulle ƙofar? Na ce ni. Ya ce, "Da wane iko?" Na ce mushrif ne ya ce. Ya ce, "Mushrif ɗinka alƙali ne?"

Ya sa na buɗe. Abin da ya fara yi shi ne ya gaishe da tsohon, ya zaunar da shi a kujerata. Tsohon ba ya jin Larabci. Sai ɗan sandan ya dubi sunan da ke ƙirjina, ya dubi fuskata, ya ce, "Kai ai Bahaushe ne. Fassara mana."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na buɗe baki na ce, "Baba, wai yaya sunanka?" Tsohon ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ashe kana ji, ɗana?"

Sunansa Isufu, daga wani ƙauye a wajen Damagaram. Muka hau hawa na uku mu uku, makullin ya buɗe ƙofa ba gardama, ga hotonsa da matarsa a kan jakunkunansu. Duka-duka bai kai minti biyar ba, abin da tun da hantsi zan iya yi da ƙafafuna. Ɗan sandan ya tattara alluran, ya taɓa su ya ji sun yi ɗumi, ya girgiza kai. Ya sa tsohon a gaban mota. Kafin ya ja ya leƙo ya ce mini, "Ni da aka ba ikon kama mutum, ba na kama shi sai na tambaya. Kai da ba a ba ka ba, ko tambaya ba ka yi ba." Ya rubuta sunana da na kamfanin ya tafi.

Washegari, ranar Salla, aka kira ni ofis. Mushrif ɗin yana zaune. A gabana, ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce shi cewa ya yi a sa ido a kira hukuma, bai taɓa cewa a kulle kowa ba. Sauran masu gadin da suka ji shi da kunnensu duk suka sunkuyar da kai. Aka karɓi kakin da oba-oba. An ce in gode wa Allah da tsohon ya ce ba ya ƙara, da a kurkuku zan yi Salla. Mahaifiyarka har yau abin da ta sani shi ne kamfani ya rage ma'aikata.

Shi ya sa nake gaya maka, duk umarnin da ya shafi taɓa jikin mutum, ko buɗe jakarsa, ko kai shi wani ɗaki a baya, ka ce a ba ka a rubuce da sa hannu. Ka faɗa da ladabi, amma ka faɗa. Za ka ga yadda mai ba da umarnin zai fara tari yana sauya magana. In sun ce ba ka da jarumta, ka bar su su ce. In sun ce su Bandar ai suna yi, ka ce Allah ya ba da sa'a. Ka nemi takardar dokokin aikinku ka karanta ta da kanka, kada ka dogara da abin da aka gaya maka a tsaye. Kuma ka fi zargin zuciyarka a ranar da ta fi tabbata cewa ta gano ɓarawo, domin ni ban taɓa jin tabbaci irin na ranar nan ba.

Na tambayi malamai daga baya, a fakaice, kamar labarin wani nake bayarwa. Sun ce wanda ya isa Arfa ko bayan faɗuwar rana ne, muddin alfijir bai keto ba, ya samu Hajjinsa. Da wannan nake lallashin kaina game da shi. Amma matar fa? Mai ciwon sukari, yini guda a zafin Arfa, babu allura, babu miji, ba ta san inda ya shiga ba. Wannan babu malamin da zai ba ni amsarsa.

Bayan an gama jifa alhazai sun dawo Aziziyya, na je. Na sa jallabiyata na tsaya a tsallaken titi, gefen wani mai sayar da shayi, ina kallon ƙofar da nake gadi a da. Kusan awa biyu ina tsaye. Can sai ga shi ya fito, an yi masa aski, yana sanye da 'yar shara fara. Shi kaɗai ne. Ya zauna a kan dakalin bakin ƙofa, 'yar jakar matan nan tana kan cinyarsa, ya ɗora hannu biyu a kanta yana kallon motoci. Wataƙila tana sama tana hutawa. Wataƙila tana asibiti. Wataƙila kuma abin da nake tsoro ne. Taku ashirin ne tsakaninmu, kuma da Hausa zan tambaye shi ya amsa mini. Ban tsallaka ba, Anas. Tsoron amsar ya hana ni, na juya na tafi gida. Bayan kwana huɗu na koma da niyyar ko me zai faru sai na durƙusa a gabansa, na tarar jirginsu ya tashi.

Ban gaya maka wannan don ka tausaya mini ba. Ina jin kunyarsa har yanzu, kuma ina jin tsoron ranar da za a tsayar da ni da mutumin nan a gaban Wanda ba a ɓoye masa komai. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a ce ɗana ma ya je ya ɗauko irin wannan kaya, saboda wani mutum mai tumbi ya ce masa shi hukuma ne. Kantin da za ka tsare, tsofaffi za su shigo, da baƙi waɗanda ba sa jin Larabci, da matan da yaransu suka jefa musu abu a jaka ba su sani ba. Kowannensu akwai wanda yake jiransa a wani wuri. Kafin hannunka ya kai kan kowa, ka tambaye shi sunansa, ka saurari abin da zai ce har ya gama, sannan ka kira waɗanda aikinsu ne.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko da a tsakiyar aiki ne, ka nemi wanda zai tsaya maka. Ka riƙa kiran mahaifiyarka ranar Juma'a, ka san halinta, in ba ta ji ka ba, ni za ta hana sakat. Sumayya da yaranta suna gaishe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare hannunka daga zaluntar bawansa, ya kare ka daga wanda zai zalunce ka, ya dawo mana da kai Makka lafiya da mutuncinka.

Abu ɗaya nake roƙonka. Duk ranar Arfa ina azumi, ina yi wa mutanen nan biyu addu'a, shekara da shekaru ni kaɗai. Yanzu da ka sani, ka taya ni, kuma ka ci gaba in ba na nan. Shi ka ce Isufu na Damagaram. Ita sai dai ka ce matar Isufu, domin har ya shiga mota ban tambayi sunanta ba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haruna